Sikelin Albasa

Saura wata bakwai ɗaurin aure
nib bi Modi rumfarshi ta Kasuwar Daji,
inda aka auna buhunan albasa.
La'asar ta yi, 'yan dako sun tafi salla,
nic cire takalmi, nih hau.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
kana ta tsaya bisa casa'in da huɗu.
Modi yad dubi rufin kwano
kamar an yi mai rubutu a can.
"Ko buhu ba ki kai ba," in ji shi.
Dariyar ba ta zo mani ba sai a hanya.

Ba Haliru yas sa ni ba.
Shi da ya zo zance, idonai bisa tabarma.
Gwiwata ce tay yi magana,
a matakalar makarantar da nika koyarwa:
hawa goma sha biyu, hutu biyu,
yara na wuce ni kamar 'yan awaki.
Kuma ina ganin Inna kowace safiya
tana tsire yatsa,
ɗigon jini bisa 'yar takarda,
tana jiran lamba kamar mai jiran alƙali.

Ban yi gaba da tuwo ba.
Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi,
ɗaya da rabi ta daɗe kafin ta zama ɗaya.
Fura ta koyi zama ba sukari,
ni ma nik koya.
Lemon kwalba, munka yi sallama ba faɗa.
Masa kuwa, ranar Juma'a,
uku, ba a ƙirga wadda ta kakkarye.

Da asuba, kafin rana ta buɗe ido
(kun san ranar Sakkwato, ba ta san wasa ba)
nika zaga Mabera da takalmin roba,
in wuce mai ƙosai tana hura wuta,
in gaishe ta da numfashi a riƙe.

Sai ga Gwaggo Tumba daga Wurno,
kaza biyu ɗaure a kwando.
Ta kama damtsena, ta saki, ta yi salati.
"Amarya da ƙashin wuya a waje?
Mi dangin miji za su ce?
Cewa za su yi gidanmu ba a aza tukunya!"
Ta soya da man shanu, ta tsare ƙofa.
Nic ci cinya guda don hawayenta,
saura ta bi ta taga, yara sun shaida.

Sallar layya ta kayar da ni.
Soye a roba, soye a langa, soye a aljihun jaka.
Allura ta koma baya da biyu.
Na zauna bayan buhuna ina share ido.
Modi yat tambaya,
nic ce albasa ce.

Luba tela ta gaji da ni.
Lambobina na jere a bangon shagonta da alli,
kowace ta kashe ta samanta.
"Ki tsaya wuri guda, baiwar Allah,
leshi ba ya tsiro in an yanke."

Ban san ranar da abin ya faru ba.
Kamar Rima da rani:
ba mai ganin sa'ar da ruwa ka ja,
sai a wayi gari ga yashi,
ga mutane na dashe inda jiya kwalekwale ke bi.

Jajibirin lalle, tamanin da uku.
Ba siririya ba, ban ko nemi haka ba.
Matakala dai ta zama matakala,
hawa goma sha biyu, ina magana.

Alkaki ya cika ɗaki, nakiya na ƙamshi.
Nid ɗauki guda, nic ci a hankali
har sai da zumar ta gama labarinta.
Cikin kayan da za a kai gidan Haliru,
tsakanin tukwane sababbi,
na cusa takalmin robar nan, duga-dugai sun cinye.

Yau da asuba, ina ɗaura ɗankwali,
nij ji motsi a zaure.
Inna ce, da mayafi, da carbi, da silifa.
"Iyakar bakin layi," tac ce,
"kuma kar ki yi sauri."